Ƙoƙon Kan Dunƙule

Bazarar bana ta ƙi ƙarewa. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, mu kwashe shanya a guje, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da gumi. A Tumfure nake zaune yanzu, cikin sababbin gidajen da aka dasa a tsakiyar gonaki, kuma da azahar ɗakunan nan na kwano ba su da maraba da tanderu. Saboda haka a tsakar gida muke wuni ni da autata Fa'iza, kowa da maficinta.

Fa'iza karatun dabbobi take yi a jami'a. Ranar nan tana kwance a tabarma tana shafa waya, sai ta miƙo mini ta ce in ga abin da aka ba su su karanta. Hotunan ƙoƙon kai ne an jera a kan tebur. Ta ce na wata dabba ce ta ƙasashen ƙanƙara, wai ita bijimin miski, mai gashi har ƙasa kamar an yafa mata bargo, ƙahoninta sun haɗe a goshi sun sauko ta gefen fuska kafin su lanƙwasa sama. Ta ce a zamanin da can, tun ba a san rubutu ba, dabbar ta bazu a ƙasashe da yawa, yau kuwa sai a 'yan wurare. Masu bincike suna tono kawunan daga ƙasa suna aunawa, suna ganin na wannan yanki ya bambanta da na wancan, na tsohon zamani kuma ba daidai yake da na yanzu ba.

Na ce ta matso mini da wanda ke gefe. Gajere ne, goshinsa da faɗi. Ba kamarsu ɗaya ba, ƙahon ma ba hanya, amma faɗin goshin nan ya cake ni a ƙirji. Ban san lokacin da na ce "Dunƙule" ba. Fa'iza ta tambaye ni wace ce Dunƙule, na dube ta na ji haushin kaina, domin na yi ta ba yarinyar nan labarai marasa amfani tun tana goye, wannan kuwa ban taɓa ba ta ba.

Dunƙule saniyar mahaifiyata ce. Babanmu jinin Katsinawa ne, amma a Gombe aka haife shi, a unguwar Dawaki, kuma kanwa da gishiri yake sayarwa a kasuwa. Mutumin kirki ne, ba duka ba zagi, sai dai idonsa idon ɗan kasuwa ne, abin da ya fi girma a wurinsa shi ya fi daraja. Inna kuwa daga duwatsun kudu aka auro ta, har ta bar duniya Hausarta ba ta gama miƙewa ba. Ba ta zo da gado ba, ba ta zo da jeren kwanoni ba. Abin da ubanta ya ba ta shi ne 'yar maraƙa daga garkensu, ita ce ta girma ta haifi Dunƙule.

Muturu ce, irin shanun dutse. Gajera, baƙa da roɗin fari a wuya, ba tozo, ƙahonta bai fi ɗan yatsa biyu a haɗe ba, tsayinta da ƙyar ya kai ƙugun Baba. Maƙwabta suna kiranta akuyar Inna, Baba ma yakan taya su dariya. Nononta ba yawa, 'yar ƙaramar ƙwarya ce safe da yamma, amma ba ya yankewa. Ba ta san ciwo ba, ba ta zaɓen abinci, ko busasshen kara ka jefa mata za ta tauna ta sha ruwa ta kwanta. A bayan ɗakin Inna turkenta yake, domin a lokacin gidajen Dawaki suna da fili.

Ina 'yar budurwa shekarar da abin ya faru. Daminar da ta gabata yaudararmu ta yi. Ruwa ya sauka da wuri, muka je gonarmu ta Tumfure muka yi shuka, lokacin nan duk daji ne da gonaki, sai ya ɗauke. Muka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Geron da ya daure ya fitar da kai, in ka murza shi a tafin hannu ka hura, sai ka ga ba abin da ya rage. Amfanin da a da sai an yi ta sawu da amalanke, a bayan jaki guda aka kawo shi gida. Rani bai raba ba muka fara jin ƙwarya tana karta gindin rumbu.

Daga nan gidan ya koma wani tsari. Da asuba ni da Inna mu ɗauki tuluna, domin rijiyar gidanmu ta ƙafe sai laka. A cikin kwari ake tonon rairayi, mata a tsugunne sun kewaye rami, kowa na jiran ruwa ya tsattsafo ta kwalfa da ƙoƙo. In mun dawo mu tankaɗe dusa, mai laushin a yi tuwo da ita, mai kaushin a ba saniya. Girki sau ɗaya ne, da yamma. Miya kuwa busasshiyar tafasa ce da kanwa, ita kanwar kaɗai ce ba mu taɓa rasawa ba, tunda ba mai saye. Da rana ba a motsi. Ƙasa ta yi zafin da in ka taka ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba, ƙadangaru ma a inuwa suke baki buɗe. Da aka ga watan azumi a cikin wannan bazarar, Inna cewa ta yi an makara, mu tuni muka fara namu.

A tsakiyar wannan hali ƙanina Habu yana jariri, ko zama bai fara ba. Nonon Inna ya ƙafe kamar rijiyar. Yaro zai kama ya tsotsa ya saki ya fashe da kuka, ita kuma ta juyar da kai bango. Madarar Dunƙule ce ta tsaya masa. Inna za ta tatso, ta ɗumama, ta sirka da ruwa, ta riƙa ɗiga masa da ƙaramin ludayi. Saniyar ga ta da 'yar maraƙa ita ma, ga yunwa, amma kullum sai ta ba da abin da yaron zai kwana da shi. Kowa a gidan ya san da wannan 'yar ƙwaryar yake numfashi.

Sai shanun arewa suka fara gangarowa. Ban taɓa ganin irin wannan ba, ban kuma sake gani ba. Garke bayan garke, daga wajen Borno da Nijar da bakin tafkin Chadi, suna neman kudu inda aka ce akwai ciyawa. Manyan shanu ne, dogaye, ƙahoni kamar rassan itace, amma haƙarƙarinsu a waje, tozo ya kwanta gefe kamar tsohuwar hula. Ba sa kuka, tafiya kawai suke. Wadda ta durƙusa a hanya nan za a bar ta, in an samu wuƙa da wuri a yanka, in ba a samu ba ungulu su sauka. Wari ya riƙe gari har cikin ɗaki. Nama ya yi arha, sai dai nama ne da ko ka wuni kana dafa shi igiya za ka tauna. Masu shanun suna rabuwa da su a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Akwai wani Bafulatani, Bappa Hammadu, da rugarsa ke gaba da gonarmu. Wurin Baba yake sayen kanwa, kuma ya daɗe yana yaba Dunƙule duk sanda ya zo gida. 'Yan uwansa na arewa sun bar masa jajayen shanu da ba za su iya ci gaba da tafiya ba. Ba zan ɗora masa ƙarya ba, bai yaudari kowa ba. Daga baya Baba da bakinsa ya ce mutumin ya gaya masa shanun sun jigata ƙwarai. Baba ya ce yunwa ce kawai, ita kuma ruwa na sauka ta wuce.

Ranar da abin ya faru mun dawo daga kwari rana ta fara zafi, Inna na gaba da tulu a ka, Habu a baya. Muka zagayo bayan ɗaki muka tarar da turke ba Dunƙule, ba maraƙarta. A wurin ga jajayen shanu huɗu, kawunansu sun kusa taɓo katanga, ƙudaje na bin idanunsu. Baba na tsaye a gefe yana murmushi, irin murmushin wanda ya yi cinikin da zai riƙa ba da labari har tsufa.

Inna ta ce, "Malam, ina saniyata?"

Ya ce, "Ga shanunki nan, Talatu. Guda na bayar da 'yar maraƙa, na karɓo miki huɗu. Dubi girmansu."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuya ta leƙa hantsarsu. Duk a shanye suke kamar tsohuwar jaka.

Ta ce, "Wacce zan tatsa wa yaron yau?"

Baba ya ce ta yi haƙuri, ruwa ya kusa, in ciyawa ta fito sai ta rasa ƙwaryar da za ta zuba nono. Har cikin ransa ya yarda alheri ya yi mata, wannan ne ma abin da ya fi ba ni haushi har gobe. Saniyar ba tasa ba ce, bai tambaye ta ba, domin a ganinsa ba a tambayar mutum kafin a ninka masa dukiya. Inna ta sauke tulun a hankali, ko ɗigo bai zube ba, ta shige ɗaki.

Wannan yinin Habu ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Aka gwada masa ruwan kunu ya dawo da shi. Washegari da aka idar da sallar asuba Inna ta goya shi, ta miƙo mini 'yar ƙwaryar, ta ce mu tafi. Ba ta nemi izinin kowa ba, Baba yana zaure yana kallo muka fita.

Wanda ya san nisan Dawaki zuwa bayan Tumfure a keke, ya kwatanta shi a ƙafa, da ciki ba komai. Da muka isa rugar muka tarar da Dada Ummo, matar Bappa, tana fama. Dunƙule ta ƙi ta. Ta ɗaure mata ƙafa, ta sakar mata maraƙa, ta yi mata kirari da Fulatanci, saniya ta riƙe nononta ƙam. Tana jin muryar Inna ta juyo ta yi wani gajeren kuka. Inna ta tsugunna, ta dafa mata goshi da tafi, ta faɗi wasu kalmomi da yarensu, nono ya sauko.

A nan aka daidaita ba tare da doguwar magana ba. Inna za ta riƙa zuwa kullum ta tatsa, a ɗebar wa Habu nasa, sauran na 'ya'yan Dada ne, domin su ma nasu shanun sun ƙafe. Dada mace ce mai kunya, ba ta taɓa sa mana ido a ƙwarya ba, wani lokaci ma sai ta ƙara mana ta kau da kai. Amma duk da haka, uwata ta zama mai tatsar saniyarta a gidan wasu, tana godiya in an ba ta. Nakan ga yadda take cewa "mun gode" tana kallon ƙasa, sai in ji kamar in haɗiye harshena.

A gida kuma ga manyan baƙi huɗu suna jiran hidima. Ruwan da Dunƙule ke sha ta wuni, guda cikinsu za ta zuƙe shi a numfashi ɗaya ta ɗago tana neman ƙari. Baba ya daina zaman kasuwa, ya ɗauki gatari yana hawa gawo yana sassaro musu rassa, shi da bai saba da aikin ƙarfi ba, tafukansa duk suka fashe. Dusar da muke tuwo da ita aka fara rabawa da su. Sawun kwari ya ƙaru, wuyana ya riƙa ciwo har cikin barci. Duk wannan ko ɗigon madara ba su ba mu ba. Ta farko ta durƙusa wata safiya, aka taru da sanduna aka ɗaga ta, ta sake zubewa, aka kira mahauci. Ta biyu ba a ma kai ga wuƙa ba.

A hanyar dawowa daga ruga ne muka fara tsintar ƙashi. Wasu mutane suna zuwa da mota suna saye, an ce niƙa shi ake yi a zuba a abincin kaji, abin da suke bayarwa yakan kai mu ga ɗan awon dawa. Dajin ya cika da ƙasusuwa, rana ta gasa su sun yi fari fat. A nan na gane Inna ta san shanu fiye da yadda kowa a Dawaki ya zata. Za ta juya ƙoƙon kai da ƙafa ta gaya mini daga inda mai shi ya fito. Mai doguwar fuska siririya da ƙahoni a buɗe kamar mai ɗaga hannu, ta ce jan sa ne na masu yawo a arewa. Mai ƙaho a kumbure kamar gora, ka ɗaga ka ji ba nauyi, ta ce na bakin tafki ne, masu shiga ruwa. Mai ɗan guntun ƙaho da kai a cike, na wajen Sakkwato. Fararen shanunmu na nan suna tsaka-tsaki. A faɗarta ƙasa ce ke ƙera kan dabba: wadda ke doguwar tafiya a fili komai nata dogo ne, ta dutse kuwa a dunƙule take. Na tambaye ta me ya sa ba mu taɓa tsintar irin na Dunƙule ba. Ta ce irinsu ba sa faɗuwa a hanya.

Wata rana a cikin wani kwari mai zurfi, inda gefensa ya zabtare, muka ga wani kai ya leƙo daga ƙasa, can ƙarƙashin inda saiwoyin itatuwa suka tsaya. Muka tono shi da sanda. Launin ƙasa ne, nauyinsa kamar dutsen niƙa, gindin ƙahonsa ya fi cinyar Inna kauri. Ta jujjuya shi ta ce ba na saniya ba ne, ba kuma na ɓaunar da ta sani a dutsensu ba. Muka sha wahala muka kai wa mai mota, ya ƙwanƙwasa shi ya ce wannan ya riga ya zama dutse, ba zai niƙu ba. Muka bar shi a gefen hanya. Inna ta waiga ta ce shi ma wata rana ya ci ciyawa a nan, irinsa suka ƙare ba wanda ya san sunansu.

Ruwan farko da la'asar ya zo, muna tsakar gida. Iska ta fara kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan aka tsuge. Muka fito da duk abin da zai riƙe ruwa, har murfin tukunya. Yara suna tsalle tsirara a lungu, tsofaffi suna kuka suna hamdala. Baba ya tsaya a cikin ruwan rigarsa ta manne masa a jiki, yana kallon shanunsa biyu da suka rage, ya ce da Inna, to ga shi nan, bai faɗa mata ba?

Cikin 'yan kwanaki ƙasa ta yi kore shar. Baba ya kora su da kansa zuwa bakin gona. Dabbar da ta daɗe ba ta ga ɗanye ba, ta samu sabuwar ciyawa mai ruwa, ba ta san ta tsaya ba. Kowane makiyayi ya san ana tsare su a fara ba su busasshe, amma Baba mai kanwa ne. Kafin yamma cikinsu ya kumbura kamar ganga, suna nishi, kumfa na fita a baki. Guda ta mutu a gonar, ɗayar ta kai washegari.

Baba ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin Bappa Hammadu. Ban san abin da ya yi masa tayi ba. Abin da muka ji shi ne Bappa ya karɓe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa buzu, ya ce Inna ta ci gaba da zuwa har a yaye yaron, amma saniya ba za ta dawo ba, domin da ita nasa 'ya'yan suka tsallake. Baba ya dawo ya zauna a zaure har magariba. Bai ba Inna haƙuri ba, a ranar ko bayanta. Da shuka ta fito sai ya ɗauki kan mafi girman ƙaho a cikin huɗun ya kafa a kan sanda a tsakiyar gona, kamar yadda ake yi don kau da bakin mutane. Inna ta dube shi ta ce, "Yau dai ta yi wani amfani." Iyakar abin da na taɓa ji ta faɗa ke nan a kan maganar.

Habu ya rayu. Muka ci gaba da sawun ruga cikin laka kamar yadda muka yi cikin zafi, har ya fara cin tuwo. Daminar ta yi kyau, rumbu ya cika, mutane suka fara mantawa. Inna ba ta manta ba. Duk sanda muka je gona sai ta ƙarasa rugar ta gaida Dada, kowa kuma ya san wadda ta je gani. Maraƙar Dunƙule ta girma a cikin fararen shanu, 'ya'yanta suka fito da ɗan tozo, jikokinta fuskarsu ta ƙara tsawo, goshin yana tsukewa. Lokacin da na yi aure har na hayayyafa, ba ka iya nuna jininta a garken.

Da Dunƙule ta tsufa haƙora suka zube aka yanka ta, Dada ta aiko wa Inna da kan a cikin ƙwarya, an rufe da faifai. Inna ba ta bari an dafa shi a gidanmu ba. Ta kai shi bayan gari ta binne kusa da suri, da gara suka gama aikinsu ta tono shi, ta wanke, ta ɗora a kan katangar ɗakinta ƙarƙashin azara, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Ɗan ƙaramin abu ne, goshi mai faɗi, guntayen ƙahoni. Baba ya yi sauran rayuwarsa yana shiga ɗakin nan yana sunkuyar da kai, ba don ƙofar ta yi masa gajarta ba. Bai taɓa cewa a sauke ba. Ya rasu, ita ma ta bi shi bara waccan, kan yana nan inda ta ajiye shi.

Da na kawo nan a labarin, Fa'iza ta tashi zaune ta ce ita fa tana ganin abin a ɗakin kakarta tun tana ƙarama, ta ɗauka magani ne. Ta ce irin shanun nan sun yi ƙaranci ƙwarai, ita a hoto kawai ta san su, in da hali tana so ta auna shi. Na ce ba sai ta roƙa ba, dama ya kamata a ce yana wurina. Washegari da hantsi muka tari keke zuwa Dawaki, muna tafe muna shan zafin kwalta.

Habu ne ke riƙe da gidan yanzu. Babban ma'aikaci ne, ya yi jiki, ya yi tumbi, mutum ne mai zumunci, ba na rasa buhun shinkafarsa da azumi. Na san yana gyare-gyare, amma ban san aikin ya kai ciki ba. Muka tarar an fasa zaure an fitar da shaguna, ɗakin Inna an cire azara an yi silin, an shimfiɗa tayil, bango fari tas. Shi kuma yana tsaye a kan magina da waya a hannu. Bayan mun gaisa na tambaye shi ina kan da ke bisa katanga.

Ya ce, "Wai wannan ƙashin? Ai Yaya tun watan jiya na sa aka kwashe tarkacen ɗakin, 'yan bola jari suka tafi da su. Kin san mutane, wani ya shigo ya gani sai ya ce tsafi ake yi a gidan."

Na tambaye shi ko ya taɓa tambayar Inna na mene ne. Ya ce a'a, shi dai ya taso ya gan shi. Gaskiya ya faɗa. Inna ba mai ba da labari ba ce, Baba kuwa ba zai fara ba.

Na ce, "Kan saniyar da ta shayar da kai ne. Da nonon Inna ya ƙafe, ita ta riƙe ka. Kullum sai uwarka ta taka daga nan har bayan Tumfure da kai a baya, ta roƙo maka abin da yake nata."

Na ga abin ya taɓa shi, ya cire hula ya share gumi, ya dubi bangon kamar zai ga wani abu a wurin. Ya kira wani magini ya tambaye shi ko ya san yaran da suka kwashi kayan, aka ce masu wucewa ne da kura. Ya dawo yana ta salati, ya rasa inda zai sa kansa. Sannan fuskarsa ta washe, irin ta wanda ya samo mafita.

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, wallahi ban sani ba. Amma bari kawai. Ranar kasuwa zan je tike, wurin masu shanu, da kaina in zaɓo miki saniya, babba, wadda ta fi waccan komai. Biyu ma, in kina da wurin ɗaure su."

Na tsaya ina kallonsa. Murmushin nan na san shi, na gan shi a bayan wannan ɗakin, ina tsaye da tulu a kaina. Na ce masa ya bar shanunsa, ba ni da turke. Na ja hannun Fa'iza muka fito.

Muka tari keke muka bar cikin gari. Hadari ya sake haɗuwa a gabas, mai keken yana cewa yau kam sai an yi. Can Fa'iza ta tambaye ni a hankali ko zan iya tuna faɗin goshin. Na ɗaga tafukana biyu na ware su daidai yadda nake ganin hannun Inna yana rufe shi. Ta ciro waya ta ɗauki hoton hannuwan, da abin da ba ya tsakaninsu. Kafin mu isa Tumfure iska ta watsa hadarin.